Tabon da Inna Ta San Ni da Shi

Ni ce 'yar fari a ɗakin Inna, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya a zamaninmu ya san abin da hakan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba, ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini kitso ba. In tana nemana sai ta ce da ƙanwata, "Je ki kira waccan." In kuwa babu ɗan aike a kusa, sai ta ɗaga murya ta ce, "Wai babu kowa ne a gidan nan?" Ni ce babu kowan, sai in taho da gudu. Kunyar ɗan fari ake ce wa abin, kuma da ita matan unguwarmu, nan kusa da Ƙofar Kuyambana, suke auna tarbiyyar mace. Inna kuwa a wannan fage ta wuce makaɗi da rawa. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babanmu, a ƙarshen tsakar gida, can nake ci can nake kwana.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli ce. Kullum da hantsi tana gaban murhu, kasko cike da man gyaɗa yana tafasa. Ni kuma, da yake an hana ni gabanta, sai na koyi zuwa ta bayanta. In lallaɓo in tsaya dab da zanenta, in yi shiru ina shaƙar ƙamshin gyaɗa da hayaƙi, in na gaji in koma wurin Kaka ba tare da ta san na zo ba. Wata rana, ban ma isa shiga makarantar boko ba, ina tsaye haka ta juyo da matsami a hannu, mai ya fallatso mini a kuncin hagu.

Ban tuna zafin ba. Abin da na tuna shi ne Inna ta sure ni ta rungume, ta ratsa zaure ta gaban Baba da almajiran karatunsa manya, ta fita titi babu mayafi babu takalmi, tana neman mai kai mu asibiti. Matan unguwa sun daɗe suna maganar ranar, kuma ba ƙunar suke tattaunawa ba. Abin da ya ɗaure musu kai shi ne mace mai kunya irin Inna ta rungumi 'yar fari a bainar jama'a. Kaka ta ce mini ko a ranar ba ta kira sunana ba, "wayyo Allah" kawai take ta yi.

Ciwo ya warke, amma ya bar baƙin tabo mai faɗin tafin hannun jariri, daga ƙasan ido zuwa kusa da kunne. Da bazara, in rana ta yi zafi, sai ya ƙara baƙi. Yaran makarantar allo suka sa mini Ƙanzo, na yi dambe a kan sunan har na gaji, kuma kowa ya san sunan da ka yi faɗa a kansa shi ne yake bin ka.

Wata Juma'a da safe Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin Kaka, kanta a sunkuye, ta ce, "A turo yarinyar nan a sa mata magani." Kaka ta dube ta, ta yi ɗan murmushi, ta ce da ni, "Tashi ki je, magani ba shi da kunya."

Ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗakinta, inda ba kowa ke wucewa ba. Ta kwaɓa garin kurkur da kindirmo da ɗan zuma a ƙoƙo. Ta ɗora kaina a cinyarta, ta yi bisimilla, ta lakato da babban yatsa ta shiga murza mini a kunci, a hankali, tana zagayawa. Ba ta hira. Iyakarta ta ce, "Bar motsi." In ya bushe ta wanke da ruwan ɗumi, ta riƙe haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Ya fara ja da baya." Ko kusa bai ja ba. Amma Juma'a mai zuwa ta sake aikowa, haka ta gaba, har abin ya zama kamar wankan Juma'a a gidanmu. Babban yatsanta na dama ya rine ya zama rawaya, ko ta yi ƙunshi sai ka ga alamar a gefen farce.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ganyen zogale, ɓawon lemu da ta shanya ta daka, man kaɗe, ruwan tumatir. Wata tsohuwa mai tallan kayan ƙamshi ta ce mata lemun tsami shi ne ƙarshen magana, aka matsa mini, fata ta yi ja ta saɓule, tabo ya dawo ya fi da baƙi. Ranar na ga Inna ta kori tsohuwar nan har zaure da maganganun da ban san ta iya su ba. Daga nan ta koma kan kurkur ɗinta ba ta ƙara sauka ba. Ni dai na tsani tabon nan iya tsana, amma duk safiyar Juma'a tun kafin Kaka ta idar da lazimi na riga na wanke fuska ina jiran a kira ni.

Na girma, na yi aure a Ƙofar Galadima, na samu aikin buga takardu a wani ofis a Kongo. Kowane ciki na ɗauka sai tabon ya ƙara duhu. Mata kuwa ba sa gajiya da ba da shawarar da ba a tambaye su ba. A gidan biki, a motar haya, a layin awo, sai wata ta matso ta raɗa mini sunan wani mai. Na ga masu shafa irin waɗannan mayukan, fuska ja jawur, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ga wari in sun yi gumi. Na ce Allah ya tsare gatari da noma, gara tabo ɗaya da na san asalinsa. Abin da na koya kawai shi ne karkata kai. Duk hotunana na aure da na suna, kuncin dama ne a gaba.

Ko bayan na yi 'ya'ya, in na je gida ran Juma'a sai Inna ta ɗauko ƙoƙonta. Wata rana ina sauri na ce, "Inna, ki huta haka nan. Wannan tabo da shi za a binne ni." Ba ta dube ni ba, bango ta duba, kamar yadda ta saba in za ta yi mini magana. Ta ce, "Ni na sa shi, ni zan cire shi."

Bayan rasuwar Baba ne kanta ya fara rikicewa. Da fari gishiri take mantawa, ko ta zuba sau biyu. Sai ta fara ɓata a cikin sallah. Sai sunaye suka fara zubewa, ga yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sosai sai abin da ya fito baro-baro. Autarmu, wadda ta dawo gidan da zama tana jinyarta, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, amma "baiwar Allah" Inna ke ce mata. Ni kuwa da na yi sallama na durƙusa, sai ta ƙura mini ido, ta ɗago hannu ta ɗora babban yatsa a kuncina, ta ce, "Waccan ce." Sai ta kawar da kai gefe, kunyarta ta dawo. Auta takan ce, "Ikon Allah! Mu da aka goya an manta da mu, ke da aka ƙi kallo ke aka riƙe." Ina jin daɗin maganar nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ni ɗin ce ta riƙe.

A ofishinmu akwai wata abokiyar aikina 'yar Wusasa, mun daɗe tare, ita ke kawo mini cincin da Kirsimeti ni kuma in kai mata nama da Babbar Sallah. 'Yarta ta karanta haɗa magunguna, kuma a kan fata ta yi bincikenta. Wata rana yarinyar ta biyo ɗaukar uwarta, muka gaisa, na ga tana satar kallon kuncina. Na ce, "Duba da kyau, 'yata, ba a biya." Ta ji kunya ta yi dariya, ta tambayi abin da na taɓa shafawa. Da na ce kurkur, na zaci za ta raina. Sai ta ce, "Mama, ai mai yi miki ba ta yi kuskure ba. Ƙuna da zafin rana su ke tunzura fata ta yi ta zuba baƙi a wuri ɗaya, kuma akwai sinadari a cikin kurkur da wasu itatuwa da ke kwantar da ita. Matsalar ita ce fata kamar ganuwa take. Abin da aka kwaɓa da nono a waje yake tsayawa, a wanke shi ya tafi. Mu tatso sinadarin muke yi, mu ƙunshe shi a cikin ƙwayoyin mai ƙanana ƙwarai, yadda zai sami ƙofa ya shiga." Ta ce akwai man da suka haɗa ta wannan hanya, ba man bilicin ba ne, ba zai taɓa kalar da Allah ya ba ni ba, sai dai yana son haƙuri, kuma dole in guji rana, in ba haka ba tabon zai iya dawowa.

Lokacin bikin babbar 'yata ya matso, kuma ina so ko sau ɗaya in dubi mai hoto kai tsaye. Akwai kuma wani dalilin da ya fi wannan. Na ce a raina, in ya fita zan je in durƙusa gaban Inna in ce ga shi, kurkur ɗinki ne ya yi aiki, ki sauke wannan kaya. Na karɓi 'yar kwalbar man. Mai ne mai launin ruwan ƙwai, mai laushi, da ɗan ƙamshin da na sani tun ina yarinya. Safe da yamma ina shafawa a kan tabon kawai, na sayi lema, na koma bin inuwa kamar mai gudun wani. Watanni suka shuɗe. Tabon bai ɓace ɗungurungum ba, amma ya dusashe har sai mutum ya matso kusa zai lura. Ranar bikin na tsaya tsakiyar mata na dubi mai hoto da fuskata duka, na yi farin ciki irin wanda ban taɓa yi da fuskar nan ba.

A cikin waɗannan watanni Inna ta fara jinkirin gane ni. Takan daɗe tana dubawa, ta ɗago hannu, ta mayar. Na ce ciwo ne ke ci gaba. Bayan biki da na je mata da alkaki da nakiya, na yi sallama na durƙusa, sai ta washe baki ta ce, "Maraba, maraba! Sannu da zuwa, Hajiya. Daga wace unguwa?" Ta sa Auta ta kawo mini ruwa, ta jawo ni kusa, ta riƙe hannuna, ta dube ni ido cikin ido tana ta hira. Tun da aka haife ni ban taɓa samun hira irin wannan da ita ba. Na zauna ina amsawa kamar baƙuwar gaske.

Can sai ta rage murya ta ce, "Hajiya, ina da wata yarinya, ko kin san ta? Tana da tabo a nan. Ni na ƙona ta da mai." Na ce, "Ai tsautsayi ne, Inna." Ta girgiza kai. "Ba ta da hayaniya. Ta bayana take zuwa ta tsaya, tana zaton ban sani ba. Ina jin numfashinta a zanena. Ranar ce kawai ban ji zuwanta ba." Sai ta ƙara da cewa, "Duk cikin 'ya'yana babu wadda ta kai ta a raina, amma kin san ba a faɗi. Yanzu ta daina zuwa. Ina jin ta yi fushi, ta gaji da jiran maganin da ba ya ci." Na ce, "Yaya sunanta? Sai in nemo miki ita." Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "Haba, Hajiya! 'Yar fari ce fa."

Na fito tsakar gida na zauna a kan turmi na yi kuka. Auta ta biyo ni ta tsaya a kaina, ta daɗe tana kallona, ta ce, "Yaya, ba ciwon ne ya ƙaru ba. Fuskarki ce ta sauya." Garin neman gira na rasa ido.

Da a ce rashin gane ni ne kawai, da na haƙura. Amma Inna ta sa abin a ranta. Kullum tana tambayar Auta ko waccan ta zo, in an ce ga ta nan a gabanki sai ta ce a daina yi mata wasa da hankali. Ta rage cin abinci. Takan zauna tana fuskantar ƙofa da ƙoƙo a cinya tana hawaye. Jikinta kuma ya fara yin ƙasa, duk wanda ya zo dubiya ya san ba zama mai tsawo ya rage ba. Tsorona ɗaya, kada ta tafi tana ganin na ƙaurace mata.

Na ajiye man, na ajiye lema. Na koma sauka daga mota tun daga nesa in ƙarasa gida a ƙasa da tsakar rana. Na riƙa zama a tsakar gida ina tsince shinkafa da kuncin hagu a sama, maigidana yana tambaya ko lafiya. Tabon da na yi shekaru ina roƙon Allah ya raba ni da shi, yanzu ina roƙo ya dawo, shi kuma ya ƙi. Na je Wusasa na sami yarinyar nan na gaya mata komai. Ta ce, "Mama, zai iya dawowa, amma fata ba ta sauri." Sai ta fashe da kuka tana ba ni haƙuri. Na ce ta share hawayenta, ita aikinta ta yi, kuma ya yi kyau.

Wata safiyar Juma'a na zo gida da kwalli da ɗan man kaɗe. Na kwaɓa a murfin kwalba, na zauna a zaure na ce Auta ta zana mini. Ni a madubi kawai na san tabon, ita kuwa da shi ta buɗe ido ta gan ni. Tana zanawa tana cewa, "Tsaya, ya fi haka matsawa wajen kunne." Muka yi dariya, muka yi kuka, kwallin ya zubo, muka sake sabo.

Na shiga na yi sallama. Inna ta ƙura mini ido. Hannunta ya taso, yatsan ya sauka a kuncina. Ta ce, "Waccan ce." Ta kawar da kai wajen bango, ta ce da Auta, "Baiwar Allah, a kawo kurkur."

Na kwanta a gefen katifarta, ni da nake shirin ɗaukar jika, na ɗora kaina a cinyar da ta zama ƙashi zalla. Ta yi bisimilla ta fara murzawa. "Bar motsi," in ji ta, alhali kuka ne ke girgiza ni. Auta ta kawo ruwan ɗumi, Inna ta goge da tsumma, kwallin ya biyo kurkur ya fita tas. Ta riƙe haɓata ta juya ni wajen hasken ƙofa. Ta duba tsumman, ta duba kuncina, ta sake duba tsumman. Sai ta ɗaga murya tana kiran Baba, wanda ya daɗe a kabari: "Malam! Malam, fito ka gani! Ya fita! Wallahi ya fita!" Tana dariya hawaye na zuba, tana ta hamdala.

Da ta nutsu ta sake dubana, ta ga fuska babu tabo. Ta ce, "A'a, Hajiya, yaushe kika shigo? Ina yarinyar da ke nan yanzu?" Na tashi zaune na gyara ɗankwali, na ce, "Ta ruga ta nuna wa Kaka." Ta ce, "To, madalla. Ta je ta nuna." Ranar ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari.

Washegari ta manta, ta koma tambayar waccan. Sai na riƙa zuwa duk ranar da na samu, tunda ita kowace rana Juma'a ce a wurinta. Kullum Auta ta zana, kullum Inna ta cire, kullum ta kira Malam ya fito ya gani, kuma murnarta ba ta taɓa raguwa ba. Ni kuma iyakar zamana 'yarta shi ne tsakanin bisimilla da ruwan ɗumi. Na koyi ce wa Auta ta ƙara kauri, don ya daɗe bai fita ba.

Da damina ta rasu, da rana, bayan azahar. Tsofaffin unguwa suka yi mata wanka, ni ina zuba ruwa. Da aka zo hannun dama, ɗaya daga cikinsu ta yi ta cuɗa babban yatsan da sabulu. Na ce ta bar shi, ba zai fita ba.

Bazarar da ta biyo baya tabon ya dawo. A hankali ya taso, daga wajen kunne, har ya cika wurinsa kamar bai taɓa tafiya ba. Yarinyar Wusasa ta aiko mini da wata kwalbar ta hannun uwarta, na yi godiya, tana nan cikin kwaba ban buɗe ba. Mata sun koma ba ni shawara a gidan biki da motar haya, 'ya'yana ma suna cewa, "Mama, ai kin ga ya yi miki aiki, ki ci gaba mana." Nakan ce musu Allah ya kai mu. Ban gaya musu dalilina ba, don kada wani mai ilimi a cikinsu ya ce mini ai a can ba a tashi da tabo ko yanar ido. Wataƙila haka ne, Allah shi ne masani. Ni dai na san idon Inna ba shi da ƙarfi, kuma duk ranar da Allah ya haɗa mu, ba na so ta ce mini Hajiya.